Kama Da Wane Ba Ta Wane: Cinikin Jitar Gwanjo A Keffi

Jita ba ta cikin kayan kiɗan da muka gada kaka da kakanni. Abin da muka buɗe ido muka tarar shi ne garaya da molo da gurmi da goge da kukuma da kuntigi, kuma duk wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu ya san hannun da ya haɗa shi, ko kuwa shi da kansa ne ya fafe ƙoƙon ya ɗaura fatar. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsarkiya guda, wanda gwangwani ne aka rufe da fata, babu kuwa wanda ya taɓa tambayar sunan masana'antar da ta ƙera shi. Darajar irin waɗannan kaya a kunne take: a kaɗa, a saurara, a yi ciniki. Jitar lantarki kuwa ta zo mana da wata ɗabi'a daban, domin fiye da rabin kuɗinta yana rataye ne a kan 'yan haruffan da aka rubuta a goshinta. Duk abin da kuwa kuɗinsa ke rataye ga suna, to, sai an sami masu aron sunan.

Ba yau jita ta fara shiga kunnen Bahaushe ba. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 suna tuna Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna, suna rera Hausa a kan jita da kayan busa. A Nijar kuwa, Buzaye sun mayar da ita tamkar kayan gado, har Agadas ta fitar da Bombino, aka kuma sami Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008. A nan Keffi ma, tun daga buɗe jami'ar jiha a farkon shekarun 2000, samari masu sha'awar wannan kiɗa sun ƙaru ainun. Wasu a coci suka koya, wasu a wajen masu kiɗan biki, wasu kuma a waya. Ga Abuja a kusa, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, inda otal-otal da wuraren taro ke neman makaɗa. Kayan kuwa yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas suke haurowa, ko kuma su zo a hannun wanda ya dawo daga Turai. Tun da sabuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai ido ya koma kan ta gwanjo.

Sunaye biyu ne suka fi kwarjini a wannan fage, wato Fender da Gibson, dukkansu na Amurka. Gibson ya fito da samfurin Les Paul a 1952, Fender kuma ya fito da Stratocaster a 1954, har gobe kuwa su ne burin kowane saurayi mai jita. Sabuwar Les Paul Standard ta haura dala 2,000 a can inda ake yin ta, kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Wannan tsada ita ta buɗe wa masu jabu ƙofa. A watan Nuwamba na 2024 jami'an kwastan na Amurka suka bayyana cewa sun kama jitocin jabu fiye da 3,000 masu ɗauke da sunan Gibson a tashar jiragen ruwa ta Los Anjalis, waɗanda da na gaske ne, da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. To, idan har masu jabu ba su ji tsoron aika kayansu ƙasar da kamfanin yake ba, ina ga kasuwanninmu, inda mai saye bai taɓa riƙe ta gaske a hannunsa ba balle ya gwada?

Abin da ya jawo mu cikin wannan magana shi ne ɗan yayarmu, saurayi mai natsuwa, wanda ya yi shekara 3 yana acaɓa da rana, da dare yana bin masu kiɗan biki da jitar aro. Wata rana ya zo mana da murna, ya durƙusa ya ce, "Kawu, Allah ya kawo ƙarshen aro. Wani ne zai sayar da Gibson ta gaske, 'yar Amurka, a kan rabin kuɗinta, kuma har na sami mai sayen babur ɗina." Jin an ambaci babur sai hankalinmu ya tashi, domin wannan babur shi ke ciyar da shi, shi ke kuma biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta. Muka tuna masa cewa araha ba ta ado, kuma ba a cinikin biri a sama. Muka nemi ya jinkirta sayar da babur ɗin kwana 7, mu je tare mu gani.

Mu ba makaɗa ba ne, yatsunmu ba su san tsarkiya ba. Amma mun yi shekaru muna zama da tsofaffin takardun ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna da wasu gidajen malamai, kuma wannan aiki ya koya mana abu guda wanda ya shafi kowane irin kaya mai suna. Idan aka kawo maka waƙa aka ce ta malam wane ce, ga sunansa da shekarar rubutu a ƙarshenta, wannan ba hujja ba ce tukuna, domin mai kwafi yakan kwafe har da suna da shekarar da ya tarar. Abin da ake yi shi ne a ɗaga takardar ta fuskanci haske. A yawancin takardun ƙarni na 19 za ka ga tambarin jinjirin wata 3 a cikin jikin takardar, alamar cewa daga Italiya ta fito, ta ratso Sahara ta hanyar Tarabulus. Sai a dubi tawada, a dubi salon hannu, a kuma tambayi mai takardar daga wa ya karɓa, shi ma daga wa. Sunan da ke fili shi ya fi sauƙin kwaikwayo. Gaskiya tana inda mai jabu bai zaci za a leƙa ba, ko kuma inda gyarawa zai ci masa kuɗi.

Saboda matambayi ba ya ɓata, muka shafe kwanakin nan muna karanta abin da kamfanin da masana suka bayyana game da alamomin kayansu. Sa'an nan muka roƙi wani dattijo mai gyaran amfilifaya, wanda ya yi shekaru yana kaɗa jita a coci kafin yatsunsa su gaji, ya raka mu. Da rana tsaka muka tafi da gangan, domin fitilar ɗaki aminiyar mai ɓoye aibi ce.

Haƙiƙa da aka buɗe akwatin, mu ma sai da muka yaba. Ja ce mai ratsin ruwan zuma, tana ƙyalli, ga nauyi kamar yadda ake faɗa, domin Les Paul takan kai kilo 4 ko fiye. Ga sunan a goshi, ga lambar masana'anta a ƙeya. Da lambar muka fara. Tun daga 1977 Gibson ya riƙa amfani da lamba mai alƙalami 8, inda na farko da na biyar suke ba da shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma su nuna rana ta nawa ce a cikin shekarar. A 2005 aka ƙara alƙalami na tara. Lambar wannan jita ta nuna rana ta 214 ta shekarar 1996, wato 1 ga Agusta, wata 2 kafin a ƙirƙiro jihar Nasarawa. Mai kayan ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko, Malam? Yayar jihar nan ce." Lissafin bai saɓa ba. Da a ce alƙaluman ranar sun nuna 400 ko 500, da magana ta ƙare nan take, domin babu shekara mai irin waɗannan kwanaki. Amma lambar da ta yi daidai ba ta wanke kaya, tun da hotunan jitocin gaske sun cika intanet, kuma mai jabu zai iya kwafe lamba guda ya buga wa jitoci 100. Abin dubawa shi ne yadda aka sa ta. A jitocin Gibson na wannan zamani ana danna lambar ne a cikin katako kafin a yi fenti, saboda haka fentin yakan kwanta a cikin ramukan alƙaluman. Wannan kuwa gefen alƙalumanta kaifi gare su, kamar an sassaƙa su da na'ura.

Daga nan dattijon ya karɓe ta. Bai kaɗa ba, bai ma dubi sunan ba. Ya nuna mana wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa da ke goshinta, daidai inda tsarkiyoyi suka fito daga wuya, ya ce wa ɗan yayar tamu, "Yaro, ƙidaya mini ƙusoshin nan." Ya ƙidaya ya ce 3. Dattijon ya ce ta Gibson 2 take da su, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya nemi izni ya kwance murfin. A ƙarƙashinsa akwai kan sandar ƙarfen da ke ratsa cikin wuya, wadda ake murɗawa don miƙe wuyan idan ya lanƙwashe. A ta gaske, noti ne na tagulla da ake kamawa da sifana. Wannan kuwa rami ne mai kusurwa 6 da ake zura masa ɗan makulli, irin na jitocin da ake yi a gabashin Asiya.

Ya fita da ita tsakar gida, ya juya bayan wuyanta ga rana, kamar yadda muke ɗaga takarda. Sai ga wani siririn layi a karkace ƙarƙashin fenti, kusa da kai. Wannan mahaɗa ce, inda aka manna katako biyu. Gibson kan sassaƙa wuya da kai daga katako guda na mahogani, dangin maɗacinmu, abin da ke jawo asarar katako mai yawa, shi ya sa masu neman sauƙi suke haɗa guntaye. Ya shafa fentin ya ce wanda Gibson ke amfani da shi siriri ne, yana tsufa tare da katako, yakan dushe, ya yi rawaya, wani lokaci ya yi tsaga-tsaga kamar tsohuwar tangaran. Wannan kuwa kauri gare shi kamar roba, babu ko dushewa a inda damtse ke gogawa. Wane irin kaya ne zai shekara kusan 30 a hannun makaɗa bai nuna wurin gumi ba?

Na ƙarshe shi ne cikinta. A bayan jitar akwai murfin roba wanda ke rufe wayoyi da 'yan na'urorin da ake murɗawa don ƙara sauti ko rage shi. A jitocin Amurka waɗannan na'urori manya ne, kuma yawancinsu na kamfanin CTS ne, wanda ke buga lamba 137, sai shekara da makon da aka ƙera su. Wannan ita ce shaida ta biyu da ya kamata ta yi daidai da lambar da ke ƙeya, ko ta riga ta da 'yan watanni. Da aka buɗe, sai ga 'yan ƙanana kamar kwabo, babu lamba ko ɗaya, ga siraran wayoyi masu launi-launi irin na rediyon hannu, ramin ma ba a goge shi ba, garin katako na nan a manne. Dattijon ya mayar da murfi, ya ɗaure ƙusoshi, bai ce uffan ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne fuskar mai kayan. Ba mu ga alamar wanda aka kama da ƙarya ba, sai dai wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Wallahi Malam, ni ma a matsayin ta gaske na saya, shekara 4 ke nan, kuma fili na sayar." Mun gaskata shi. Haka jabu ke tafiya: mutum guda ne ya yi ƙaryar a wata ƙasa mai nisa, amma sai ta bi hannun masu gaskiya goma, kowa yana rantsuwa da zuciya ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa kirkin mai sayarwa ba ya isa hujja, kamar yadda tsoron Allah na malamin da ya ba ka takarda ba ya tabbatar da cewa waƙar ta wanda aka jingina wa ce. Ba mu kunyata shi ba. Muka ba shi shawara ya ɗauki hotunan goshi da ƙeya da ciki ya aika wa kamfanin, domin suna amsa irin wannan tambaya, kada ya tsaya a kan maganarmu kaɗai. Muka kuma roƙe shi, idan zai sayar, ya faɗi abin da take, ya karɓi kuɗin da ya dace da ita.

A kan hanyarmu ta komawa dattijon ya ƙara mana karatu game da Fender, wanda ya ce matsalarsa ta fi wuyar ganewa. Wuyan Gibson manne yake da jiki, amma na Fender ƙusoshi 4 ne suke riƙe da shi a yawancin samfurori, kowa na iya kwancewa cikin minti 5. Saboda haka ana iya samun wuya na gaske, da suna da lamba na gaske, a kan jikin da ba nasa ba. Mu ɗaliban adabi mun san irin wannan: waƙa ta gaske wadda wani ya cusa wa baitocinsa a tsakiya. Maganinsa shi ne a kwance wuyan a duba gindinsa da ramin da yake zama, inda masana'anta ke buga kwanan wata da hatimi, a ga ko sun yi kusa da juna. Bugu da ƙari, Fender na da masana'anta a Meziko, an kuma yi wasu a Japan tun 1982, dukkansu na halal ne amma farashinsu ya bambanta. Lambar da ta fara da MN ta Meziko ce ta shekarun 1990, wadda ta fara da N kaɗai kuwa yawanci ta Amurka ce ta wannan zamanin. Kankare harafi guda ya isa ya ninka kuɗi. Kamfanin ya tanadi shafi a intanet inda ake shigar da lamba a ga samfurin da ta dace da shi, sai dai shi ma, kamar yadda muka faɗa, farkon bincike ne.

Akwai kuma tambayar da samari ba su cika yi ba, alhali ta fi kowace haɗari: shin mai sayarwa shi ne mai kayan? Jita na iya zama ta gaske ɗari bisa ɗari amma ta sata ce, an ɗauke ta daga coci ko daga motar makaɗa. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki karɓar kayan sata da sani a matsayin laifi, kuma ko mutum ya kuɓuta daga tuhuma, kayan za su koma ga mai su, kuɗinsa kuwa sun bi ruwa. Iyayenmu ba sa sayen doki ko saniya sai a gaban dillali da shaidu, kuma la'adar da ake ba dillali kuɗin sanin asali ce. Wannan hikima ba ta tsufa ba. A nemi rasit na farko idan akwai, a tambayi daga wa aka saya, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar jitar, shaidu biyu su sa hannu. Wanda ya ce sauri yake yi, ko ya hana a kwance murfi, ko ya ce a haɗu da dare a bakin hanya, ya riga ya ba da amsa.

Daɗin daɗawa, ta gaske ma tana iya zama matacciya. Yanayinmu ba ya tausaya wa katako. Damunar Keffi na kumbura shi, hunturu kuma ya busar da shi har ƙarafunan da ke jere a wuya su fito ta gefe suna yankan yatsa. A ɗaga jitar a hango wuyanta daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda, a gwada ko sandar ƙarfen tana murɗuwa, a kuma duba ƙeyar Gibson da kyau, domin nan ne take yawan karyewa idan ta faɗi, a manne ta a rufe da fenti. Wadda aka yi wa ɗori tana iya kaɗuwa lafiya, amma kuɗinta ba ɗaya ba ne da wadda ba ta taɓa karyewa ba. Sai bayan duk wannan ne za a jona ta da amfilifaya a saurari muryarta.

Kada mai karatu ya ɗauka muna ƙyamar kaya masu araha. Akwai bambanci tsakanin kwaikwayo da jabu. Epiphone, wanda Gibson ya saya tun 1957, yana yin Les Paul mai sauƙin kuɗi da sunansa a goshi. Haka Squier yake ga Fender. Waɗannan ba su yi wa kowa ƙarya ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mdou Moctar da muka ambata, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, ba ta kuwa hana shi kaiwa manyan dandamalin Turai da Amurka ba. Abin da jabu ke sata shi ne bambancin da ke tsakanin kuɗin abin da ka riƙe da kuɗin abin da aka ce maka ka riƙe, kuma a wannan karo bambancin babur ne da karatun yara biyu. Ɗan yayarmu bai ji daɗi ba a ranar, har ya yi kwanaki ba ya son a tayar da maganar. Daga baya dattijon ya samo masa wata Yamaha ta hannu, mai tabon gogayya a gefe, wadda bai sayar da komai ba kafin ya biya. Da ita yake zuwa biki yanzu, babur ɗin kuma yana nan.

Muna ganin ɗalibanmu za su amfana da wannan labari ko da ba za su taɓa sayen jita ba. Zamanin nan ya cika da abubuwa masu ɗauke da sunayen da ba nasu ba: magani, da takardar shaida, da kalaman da ake jingina wa malamai da magabata a waya, har da waƙoƙin da ake cewa na wane ne alhali bai taɓa jin su ba. Ilimin da muke koyarwa a aji na tantance matani, wato a bincika asali, a gwada shaida da shaida, a bi sawun hannayen da abu ya ratsa, shi ne dai dattijon nan ya yi da sukurudireba a tsakar gida, ko da yake bai taɓa shiga ajinmu ba. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Sai dai kafin a kai ga nagarin, dole a yi haƙurin kwance murfi a leƙa ciki, a kuma yi tafiyar tare da wanda ya riga mu sani. Allah ya sa mu dace.